Lita Saba'in

Babban allona lita ɗari da talatin ne,
faɗinsa kamar ƙyauren zaure.
Shekara biyu yana goye da ni a dam ɗin Goronyo,
ko iska ta zo da wuri, ko ta yi nawa.
In na tsaya a kansa, ya tsaya.
In na yi kuskure, ya haɗiye, bai faɗa wa kowa ba.

Sai dai nauyin jiki gare shi.
In na ɗaga fiffike sama, iska ta cika shi,
allon ya dinga jan ƙafa
kamar jakin da aka labta wa albasa,
kafin takobin da ke ƙarƙashinsa ya yanki ruwa
ya ɗaga mu kamu biyu.

Shi ya sa na sayo ƙarami.
Direba ya sauke shi a tashar Sakkwato cikin kwali,
ya juya shi, ya ce, faifai ne ko akushi?

Lita saba'in.
Ni kuwa kilo saba'in da takwas nake, bayan azumi.
Lissafin bai yi mini ƙarya ba:
ina hawa ya nutse,
ruwa ya kama ni iya cinya,
allon ya zille ta baya kamar sabulu.
Sau goma sha ɗaya na sha Rima a ranar.
Na ƙirga.

Arzika na can kwance bisa gorarsa yana duban koma.
Bai yi dariya ba sai da na kai na tara.
Ya ce, kai ɗan birni, mi kaka biɗa?
Na ce, sauri.
Ya tofar da goro, ya ce,
sa'ad da nike yaro gorata ta ɗara ni girma,
barci ma ni kan yi bisanta.
Rannan tsohona ya amshe, ya miƙo min 'yar ƙarama.
Kwana bakwai ina shan ruwa awa tarwaɗa.
Babba ita ka riƙon ka, yaro.
Ƙarama kai ka riƙon ta.

Ranar Laraba, bayan la'asar,
hadari ya haɗo daga gabas, bai zubo ba,
ya turo iskarsa gaba.
Na durƙusa a kan abin da ba na gani,
ruwa iya ƙugu, hannu biyu sama.
Na jira.
Da can ban taɓa jira ba, babban ne ke jirana.
Fiffike ya ja, na ba shi,
ya sake ja, na miƙe,
na taka, na taka,
sai ƙarar ruwa ta ɗauke ɗif.

Ba abin da ke ƙarƙashina sai ɗan fito siriri.
Ga fadamar tafarnuwa tana gudu baya,
ga balbelu sun tashi daga bayan shanu.
Na karkata diddige kaɗan kawai,
allon ya juya kamar tsattsewa,
tun kafin in gama tunanin juyawa.

Iska ta mutu ana shirin magariba.
Babban da a tsaye zai kai ni gaɓa.
Wannan ya ajiye ni tsakiyar dam, ruwa iya wuya,
na yi ta iyo ina jan fiffike
kamar wanda ya wanke bargo.
Na iske Arzika yana banda kifi.
Ya miƙo mini ɗaya, bai ce komai ba.

Yanzu babban yana wurin jikansa Nomau.
Yana tuƙa shi da gora zuwa duban ƙugiya,
ya jera karfasa a inda nake sa ƙafa.
Wani lokaci in na gan shi tsaye a kai yana hamma
sai in ji kewa.

Gwiwoyina duk sun goge.
Da asuba, kafin shayi,
ganyen dogon yaro nake fara dubawa.